Ɗumin Aro a Gidan Sayarwa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Jos ba, ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina. Na daɗe ina ɓoye labarin nan. Matata ma sai da muka shekara uku da komawa zama tare sannan na ba ta shi, ta yi dariya har da riƙe ciki, daga baya kuma ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Yanzu da furfura ta fito kunyar ta ɗan yi sauƙi, gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa da ƙarin gishiri.

Ni tela ne. Gidanmu yana can wajen Jos Jarawa, mahaifina ya gina shi da gumin haƙar kuza: zaure, ɗakuna huɗu, tsakar gida mai faɗi, rijiya, da wata bishiyar gwaba da ba ta taɓa yin 'ya'yan kirki ba. A nan aka haife ni, a nan na yi aure, a nan tsohuwata ta cika. Bayan tashin hankalin da garin ya gani, wanda duk mutumin Jos ya sani ba sai na tona ba, unguwa ta sauya fuska. Waɗanda muka taso tare suka yi ta sayar da gidajensu suna komawa wasu wurare. Surukina ya aiko da mota daga Azare, aka kwashe matata Hadiza da yaranmu huɗu, har da autarmu Ummi wadda a lokacin take koyon tsayuwa. Aka bar ni da aiki ɗaya: in sayar da gidan, in biyo su, mu nemi matsuguni a can.

Ni kuwa da shegen bakina na ce wa surukina, "Baba, wata ɗaya ma ya yi yawa. Ba za ku ga ƙafata a Azare ba sai da takardar ciniki a aljihu." (Ba wanda ya nemi wannan alkawari a wurina. Ni na sunkuya na ɗauko shi na ɗora wa kaina.)

Wata ɗaya ya zama takwas. Ban leƙa su ko sau ɗaya ba. Na farko dai ga alkawarin da na yi, kuma ina jin nauyin in tsaya gaban surukina hannu rabbana, alhali 'yarsa da jikokinsa tuwonsa suke ci. Na biyu, a lokacin in ka bar gida kwana biyu ba kowa, kana iya dawowa ka tarar an yi gaba da ƙofofi da kwanon rufi. Sai na zama maigadin gidan ubana. Ranar Juma'a bayan an sauko nakan je wurin masu wayar haya a gindin laima, in kira wani maƙwabcin surukina, a nemo Hadiza. Kullum tambayarta ɗaya ce: "Ya maganar gida?" Ni ma amsata ɗaya: "An kusa."

Wanda bai taɓa zama shi kaɗai a gidan da ya saba da mutum goma ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Na dawo da keken ɗinkina zaure don in riƙa ganin masu wucewa. Shayi da burodi da safe, shinkafa da wake a bakin titi da rana. In na yi tari a tsakar gida sai ɗakuna su maido mini da shi. Akwai ranar da na lura tun asuba har la'asar ban yi magana da ɗan Adam ba, sai keken da na zaga don ya tsinke zare. Kewa ta ci ni, ba zan ɓoye ba, ta ci ni ƙwarai.

Masu saye sun zo har kashi uku, duk ta hannun dillalina Malam Tanko, wani gajere mai babur da baki kamar reza. Su shigo, su leƙa nan, su leƙa can, su ce za a ji daga gare su. Na ƙarshen ma ko ɗakuna bai shiga ba, ya tsaya a tsakar gida ya rungume hannu ya ce, "Gidan nan kamar kufai." Da suka tafi Malam Tanko ya dawo ya zauna a bencina.

"Oga Tela, in faɗa maka gaskiya?"

"Faɗi."

"Gininka ba shi da laifi. Amma gidanka sanyi gare shi, kuma ba sanyin Jos nake nufi ba. Mutum ya yi sallama, bango ya amsa masa. Wa zai kawo iyalinsa inda yake jin kamar jiya aka share makoki? Ka nome ciyawar nan, ka shafa fenti, ka sa turare. Mai saye da hanci yake fara ciniki, sannan ido. A shigo dai a ji ɗumin mutane. Akwai wani Alhaji mai shanu daga wajen Vom, yana neman gida a gari don tsohuwarsa ta kusanci asibiti. Asabar ta sama zan kawo shi. In wannan ya kuɓuce, to sai dai ka jira baɗi."

Duk maganar da ya yi, kalma uku na riƙe: a ji ɗumi.

Na tashi haiƙan. Na je kasuwar Katako na sayo falanki, kafinta ya gyara ƙyauren zaure da ya daɗe yana jan ƙasa. Na nome ciyawa, na kwashe tarkacen bayan ɗaki, na liƙe tsagar bango da siminti, inda tsagar ta fi ƙarfin siminti na rataya kalanda. (Allah Ya yafe mini wannan ma.) Na shafe bango da farar ƙasa, ƙofofi da shuɗin fenti, na sassabe gwabar nan har ta koma kamar wadda aka yi wa askin dole. Ran Laraba da hantsi na gama, na tsaya a tsakar gida ina duba aikina. Gida ya yi fes. Ya yi fes irin na asibitin da aka sallami kowa.

A nan ne shaiɗan ya raɗa mini shawara. Na buɗe ɗakin Hadiza, na jawo buhunan kayan da ta bari. Na fito da zannuwanta uku da 'yan rigunan yara, na jiƙa su, na shanya a igiya. Na mirgino turmi na jingina masa taɓarya. Na ɗora tukunya a murhu, na ajiye kujera 'yar tsuguno a gefe da tsintsiya. Na rataya labule a ƙofar kowane ɗaki. Sannan na jera takalma a ƙofar ɗakinta: silifas ɗinta, na makarantar yara, da wasu 'yan jajaye na Ummi da aka saya tun kafin ta san amfaninsu. Har na ɗan karkata ɗaya, na kifar da wani, don kada a ce an jera su da gangan. Tela dai, ko ƙarya zai ɗinka sai ya yi mata kalmasa.

Saura murya. A ƙasan buhun na tsinci wani kaset. Ranar sunan Ummi wata ƙawar Hadiza ta ajiye rediyo a tsakar gida ta danna, ya yi ta ɗaukar hayaniyar mata. Na sayo batir, na sa kaset a tsohon rediyona, na ajiye shi a bayan labule, na rage murya, na fito na saurara daga zaure. Wallahi sai ka rantse mata ne cike da ɗaki. Ana hira, ana dariya, kwanoni na ƙara, jariri na ɗan kuka.

Ga inda abin kunyar ya soma tun kafin Asabar. Ai da na gwada na ga ya yi, sai in kashe in jira mai saye. Ina! Kwana uku ina kunna kaset ɗin nan ba mai saye ba dalilinsa. In ina ɗinki a zaure yana yi. In zan shiga ciki sai in yi gyaran murya, in yi sallama, har in ɗan dakata kamar mai jiran a amsa. Ran Alhamis na sayo shinkafata na zauna a kan kujera 'yar tsuguno kusa da labule na ci, ta fi ta kullum daɗi. Abu ɗaya ne ban iya ba. Can wajen tsakiyar kaset akwai inda muryar tsohuwata take shigowa tana cewa, "Ku miƙa wa mai jego kunun nan tun da zafinsa." Da na ji wannan sai in kashe, in mayar da shi farko. Ban taɓa barinsa ya wuce nan ba, don haka ban san abin da ke gaba ba.

Maƙwabciyata Mama Ladi, wadda muka shekara talatin katanga ɗaya, ta hango wanki ta saman bango. Ta ɗaga murya da Hausarta ta mutanen Filato: "Tela, matanka ya dawo ne? Na ji surutu."

Na ce, "Suna hanya, Mama."

Ta ce, "Mun gode Allah. Gidan ya yi shiru da yawa, ni ma yana damuna." Ban san me ta ɗauka surutun ba, ban kuma tsaya bayani ba.

Asabar da hantsi na sake jiƙa wankin, na hura gawayi a kasko na zuba turaren wuta, na sa ice biyu a murhu don hayaƙi ya ɗan tashi. Ina jin tsayuwar mota a waje na ruga na danna kaset, na dawo zaure ina gyara hula.

Akori-kura ce. Malam Tanko da ya yi musu jagora a babur ya fara dirowa, sai Alhaji Buba, dogon Bafulatani mai sanyin magana, irin mutanen da in suna gaishe ka ƙasa suke kallo. A gaban motar akwai wata tsohuwa a zaune, ya ce mahaifiyarsa ce, daga nan asibiti za su wuce. Muka gaisa, muka shigo zaure. Ya shinshina turare ya gyaɗa kai. Malam Tanko ya ƙyafta mini ido, wato aiki ya yi. Na wuce gaba ina cewa, "Bismilla Alhaji, shigo ka ga tsakar gida."

Ya taka ɗaya, biyu, ya kai bakin ƙofar ciki. Ya hango zannuwa a igiya. Ya hango takalma. Dariyar mata ta taso daga bayan labule. Sai ya ja da baya da sauri kamar wanda ya taka wuta, ya juya fuska ga bango.

"Subhanallahi. Malam, ashe da iyali a ciki. Ku gafarce ni."

Na ce, "Ba komai Alhaji, shigo kawai."

"A'a. Gidan matan aure? Ban yi haka ba."

Kun ji fa. Kwana goma ina gyara gida don mutumin nan ya gani, na kuma gina masa katangar da ba zai iya tsallakewa ba. Ni da aka haifa a gidan da ko mai gyaran rijiya sai an ce mata su shiga ɗaki kafin ya wuce, ni ne na manta cewa namiji mai mutunci ba ya kutsa kai inda ya ji muryar matan wani.

Malam Tanko ya matso ya raɗa mini, "Oga, yaushe madam ta dawo ba labari?"

Na raɗa masa, "Ɗumi ne."

Ya dube ni bai gane ba. Nan ne ya kamata in yi dariya in ce, Alhaji, rediyo ne. Da an yi raha an wuce wurin. Amma girman kai rawanin tsiya. Sai na ji bakina yana cewa, "'Yan'uwa ne suka zo mana, bari in ce su koma ɗaki ɗaya."

"Kada ka tashe su saboda ni," in ji Alhaji. "Ai da sauƙi. Ga Inna, dama don ita ake neman gidan. Ta shiga ta gani, ta gaisa da mutanen gida. Abin da ta ce shi ke nan."

Kafin in haɗa wata ƙaryar har ya fita ya taro ta. Tsohuwa ce siririya, da sanda, idonta tar. Ta ce ba ta shiga gidan mutane hannu sake, aka ɗauko mata wata 'yar ƙwarya ta man shanu daga mota. Na durƙusa na gaishe ta, na ce bari in yi mata jagora. Ta ɗaga mini sanda.

"Zauna cikin maza, ɗana. Ni da 'yan'uwana mata, wane jagora?"

Ta shige. Muka zauna a tabarma mu uku. Ina jin sallamarta daga tsakar gida, sau ɗaya, sau biyu. Matan kaset suka ci gaba da hirarsu, ko a jikinsu. Alhaji yana tambayata zurfin rijiya, ina ba shi amsa da tsawon igiyar shanya. A raina ina ta addu'a batir ya mutu. (Sabo ne fil, mai tsadar na zaɓa.)

Sai guɗa ta tashi. Doguwa, mai kaifi, har cikin zaure.

Alhaji ya washe baki. "Ashe ƙaruwa aka samu? Malam, shi ne ba ka faɗa ba? Namiji ko mace?"

Na ce, "Mace." To me zan ce? Ai ba ƙarya ba ce, ta dai kwana biyu.

Bawan Allah ya ɗaga hannu ya shiga addu'a, Allah Ya raya, Allah Ya sa mahaddaciya ce, Allah Ya ba mai jego lafiya. Ina cewa amin. Malam Tanko ma yana cewa amin, amma idonsa a kaina, ya fara haɗa biyu da biyu. Muna shafawa na ji muryar tsohuwata tana maganar kunu. Daga nan kuwa ban san abin da ke gaba a kaset ɗin ba.

Aka ɗan yi hayaniya. Sai wata muryar namiji ta fito rangaɗau daga cikin ɗakin matata:

"Salamu alaikum mata, a ba angon ƙarni hanya ya wuce."

Mata suka ɗauka gaba ɗaya: "Ga Tela, ga Tela. Ina ɗinkinmu? Ga suna ya zo ba ka gama ba."

Muryar ta ce, "Gobe in sha Allahu." Sannan ta fashe da dariya. Ina da wata irin dariya mai shaƙewa a ƙarshe kamar kaza ta haɗiyi tsakuwa, duk Jos Jarawa an san ni da ita, kuma minti goma da suka wuce na yi wa Alhaji irinta a bakin ƙofa.

Alhaji Buba ya dube ni. Ya dubi ƙofar ciki. Ya sake dubana, tun daga hula har ƙafa, kamar yana son ya tabbatar ina nan. A hankali ya janye gefen rigarsa daga kusa da ni, leɓensa na motsi, na tabbata neman tsari yake. Ni kuwa ina zaune a tabarma baki a rufe, ga ni can a ɗaki ina ta zuba, ina yi wa mata alkawarin ɗinki. Sai aka ji ƙas. Gida ya yi tsit, irin tsit ɗin da na sani.

Muryar Inna ta taso daga ciki, ba hayaniya: "Mai gida, zo." Ta ɗan dakata. "Ku ma ku shigo. Ba kowa."

Wata takwas ina zaune da wannan magana, amma ban taɓa jin wani ya faɗe ta da baki ba sai ranar.

Muka shiga, ni a gaba kamar akuyar da za a kai kasuwa. Tana zaune a kujera 'yar tsuguno, rediyon a gabanta, ƙwaryar man shanu a cinya. Ta ɗage labulen ta rataye shi a ƙyaure, ɗakin na nan wayam, ba gado ba tabarma, sai buhu biyu a lungu.

"Sallama uku na yi," in ji ta. "Na ce ikon Allah, matan birni ba su amsa sallama. Na tuɓe takalmi, na sunkuya na shiga, har na fara barka da arziki. Ni da na haifi goma, yau na gaida akwati."

Malam Tanko ya riƙe ciki ya tafi taga-taga ya zauna a bakin rijiya, hawaye na zuba. Alhaji bai yi dariya ba. Ya sa hannu ya rufe baki, ya juya yana kallon gwabar nan kamar bai taɓa ganin itace ba. Kunya yake ji a madadina, wannan kuwa ya fi dariyar ciwo. Sai na nuna dillali.

"Shi ya ce a ji ɗumin mutane."

"Turare na ce, Oga!" in ji shi, yana share ido da hula. "Turare da fenti. Yaushe na ce ka yi suna?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Mutum mai 'ya'ya huɗu, da gemunsa, ya jiƙa zanin matarsa ya shanya don a ce tana nan.

Inna ba ta bi ta kan dillali ba. Ta miƙa sanda ta jawo ɗaya daga 'yan jajayen takalman nan, ta ɗauka tana juya shi.

"Na wa?"

"Na autata ne, Inna. Sunanta ne kuka ji a kaset."

"Suna ina?"

"Azare, gidan kakansu."

"Yaushe rabonka da su?"

Na ce wata takwas. Na ce sai na sayar da gida zan bi su, haka na yi alkawari.

"Wa ya sa ka?"

"Ni na sa kaina."

Ta jinjina kai. "Kana ta ajiyar wannan, mai shi ta wuce wurin. Yanzu ko rabin ƙafarta ba zai ɗauka ba. Gida ba ya girma, ɗana, yana nan inda ka bar shi. Yaro kuwa ba ya jira." Ta ajiye takalmin, ta miƙo mini ƙwaryar. "Na matar gida ne. Ba na komawa da kyauta. Ka kai mata kafin ya yi tsami."

Suka zagaya gidan a gurguje, don ladabi kawai. Alhaji ya ɗaga kalanda ya ga tsagar bango, ya mayar da ita yadda take. A bakin mota ya ce zai yi shawara, bai kuma yarda mun haɗa ido ba. Malam Tanko ya hau babur yana cewa, "Angon ƙarni, sai gobe in sha Allahu," har ya sha kwana ina jin dariyarsa.

Na koma ciki na sauke wankin nan ɗaya bayan ɗaya. Na tattara takalma na mayar buhu. Na zauna a bakin rijiya da ƙwaryar man shanu a hannu, ba ciniki, ba mutunci, ba ko rediyon da zan iya sake kunnawa. Da la'asar na ƙwanƙwasa wa Mama Ladi, na tambaye ta ko ita da maigidanta za su sa mini ido a gida in na yi tafiya. Ta karɓi makulli ta ɗaure a bakin zani.

"Tela, da ka tambaya tun tuni ai da mun duba. Kai ne ba ka magana da mutane."

Washegari na shiga motar Azare da ƙwarya a cinya, aljihu ba takardar komai. Duk hanya ina tsara abin da zan ce wa surukina. Da na durƙusa gabansa sai ya ce, "Ka sha hanya. A kawo masa ruwa." Bai taɓa tayar da maganar alkawarin ba har ya bar duniya. Ina jin ma ya manta da shi tun ranar da na yi shi, ni kaɗai na riƙe abina.

Gidan kuwa, bayan wata biyu Malam Tanko ya aiko a ce in zo. Alhaji Buba ya koma ya duba shi a buɗe, wayam, ba turare ba labule, ya ce ya yi masa. Sai dai ya sa a tambaye ni ko akwai sauran abin da ke magana a ciki.

Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Ranar da na isa, manyan yaran suka rugo suka rirriƙe ni. Sai ga wata 'yar yarinya ta fito daga ɗaki da gudunta, da kitso, da haƙora. Ta yi turus ta dube ni, ta koma bayan uwarta ta ƙanƙame zani. Hadiza ta ce, "Ummi, Baba ne." Na miƙa hannu na ɗauke ta, ta callara ƙara tana zillo, dole na sauke. Kwana huɗu tana yi mini ƙyuya. In na shigo ta fita, in na ba ta alewa sai ta kai wa kakanta ya ɓare mata.

To ga abin da na koya, kyauta na ba ku. In za ku sayar da gida, ku share, ku yi fenti, ku sa turare, ku tsaya nan. In kuma muryar iyalinku kuke so ku ji, tasha za ku nufa, ba shagon batir ba. Ni dai na ɓata wata takwas ina gyara gida don baƙo ya shigo ya ji kamar nasa ne, na je inda 'yata take na tarar ni ne baƙon.